Wanda Ya Zauna a Bakin Rami

"Ko da lefenshi zai cika tirela, wallahi ba ni ba shi ɗiyata. Na gama magana."

Hajiya Tani ce ta faɗi haka tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Rabi'atu tana durƙushe a gabanta, idonta ya yi ja amma bakinta bai mutu ba. Dama ita bakinta ba ya mutuwa. 'Yar Alhaji Sodangi ce, mai sayar da hatsi a kasuwar Dutsin-Ma, kuma malamar firamare ce wadda da kallo ɗaya take sa aji ya yi tsit. Masu motoci sun yi sintiri a ƙofar gidan har tayoyinsu sun suɗe, ita kuwa ta ce duk duniya ba ta ga kowa ba sai Mutawakkil, ɗan Rawayau, mai haƙar farar ƙasa. So ke nan, in ya tashi tsiyarsa ba ya neman shawarar kowa.

"Inna, ki faɗa min laifinsa guda ɗaya tak. Shaye-shaye yake? Ko salla ce ba ya yi?"

"Ni ban ce ba."

"To talauci ne? Da digarsa da shebur ɗinsa yake ci, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba."

"Ke, kada ki maishe ni ƙaramar mutum. Da ubanki ya aure ni mi gare shi? Ko buhun dawa bai mallaka ba." Ta ture rariya gefe, ta dubi 'yarta ido cikin ido. "Mutumin da kullum safiya shike shiga kabari da ƙafarshi, shi za ni ɗauki ɗiyata in ba? In zauna ina jiran ranar da za a zo a ce min kin shiga takaba?"

"Rai a hannun Allah yake, Inna."

"Na riga ki sani. Ke dai ba ki san Jibo ba."

Rabi'atu ta ɗago ta dube ta. Sunan Kawu Jibo kawai ta sani, tana jinsa a addu'ar mahaifiyarta bayan kowace salla, amma ba ta taɓa jin labarinsa daga bakinta ba.

"Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goye ni," in ji Hajiya. "Wanga aikin shike yi, a dajin nan na bayan Rawayau. Kin san yadda suke, mutum biyu ga rami. Guda ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, guda ya zauna bisa ya riƙe mai. Kuma ba a tashi. Ko gobara ta kama gidanku ba ka tashi sai ɗan'uwanka ya hito. Rannan ina budurwa, na ɗauko ƙwaryar fura na kai mai, sai na ishe bakin rami ba kowa. Ashe mai riƙe mai ya ji ƙarar motar masu saye, ya ɗaure igiyar ga turke, ya ruga kada a yi ciniki ba shi. An yi ruwa, ƙasa ta jiƙe, turken ya tumɓuke. Abin da na gani ke nan, Rabi'atu, sawun igiya bisa ƙasa ya miƙe har cikin rami."

Hawaye ya wanke mata fuska, yana ɗiga cikin garin da ta tankaɗe. Rabi'atu ta matso ta rungume ta, suka yi ta kuka tare. Tausayin mahaifiyarta ya cika mata zuciya har ta ji kamar ta haƙura. Kamar dai na ce, don ba ta haƙura ɗin ba.

"Allah ya jiƙan Kawu," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Amma Inna, ba ramin ne ya ci amanarsa ba. Wanda ya tashi ne."

"Duk ɗaya suke. Da sun ji ƙarar mota, tashi suke."

"Ban da Mutawakkil."

Hajiya ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe.

Shi kuwa Alhaji Sodangi nasa lissafin daban. Akwai Zaharaddin, ɗan amininsa, wanda ke sayen farar ƙasar a hannun masu haƙa, ya loda wa manyan motoci a kai wa masu yin fenti a Kano. Yaro ne mai ƙamshi, shaddarsa ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Shi Alhaji yake so. Sau ɗaya ya taɓa gaisawa da Mutawakkil a ƙofar masallaci, ya ji tafin hannu kamar bayan kada, fari fat da ƙasa, yana sakin hannun ya ciro hankici ya goge nasa a gaban mutane. Amma Alhaji ba ya iya ganin hawayen Rabi'atu, don haka da ta matsa masa sai ya ce, "To, ya zo gobe Asabar bayan Azahar in ji ta bakinshi. Ni ɗan kasuwa ne, mutum a wajena maganarshi ce. In ya saɓa, kada ki sake kawo min zancenshi."

*

Da la'asar sakaliya Mutawakkil ya kafe babur ɗinsa a ƙofar gida. Dogo ne baƙi, kafaɗunsa sun cika riga, ya yi wanka ya goge tas, amma farar ƙasa ba ta jin sabulu, tana nan a bakin farcensa da cikin girarsa. Rabi'atu ta fito zaure, tana ganinsa duk ɓacin ranta ya zube.

"Malama, wa ya taɓa min ke? Idon nan ya sha kuka."

"Kai ne mana. Duk samarin garin nan sai da na tsallake na je na ɗauko ɗan rami."

Ya yi dariya. "Ɗan ramin nan shi zai shafe miki ɗaki da hannunsa, farin da amaryar gwamna ba ta samu ba."

Ta faɗa masa saƙon Alhaji, ya ce Alhamdu lillahi har sau uku. Sannan ta sassauta murya.

"Alfarma ɗaya nake nema. Gobe kada ka je rami."

Murmushinsa ya ragu. "Wannan kam da wuya, Rabi'atu. An yi ruwan farko, kwanan nan ramuka za su cika, sai kuma bayan damina. Hudu yana da iyali rututu, abin da ya haƙo yanzu shi za su ci har kaka. In ban je ba, ba ya sauka."

Hudu shi ne abokin raminsa, dattijo ne da ya kusa haifarsa, shi ya koya masa aikin.

"Wani ya riƙe masa mana, na yini ɗaya."

"Ba a aron mai igiya. Wanda ke riƙe maka shi kake riƙe wa, haka muka taras. Da muna da injin jawo kaya irin na manyan kamfanoni da ba ma wannan magana. Ƙungiyarmu tana ta bin takardar izini, an ce sai da ita za a dube mu, takardar kuwa kullum a dawo gobe. Mai saye shi ke yanka farashi, in ka yi gardama ya ja motarsa ya bar ka da tulin ƙasa. Amma za mu kai, in Allah ya so, ba haka za mu dawwama ba." Ya dube ta. "Da safe kawai za mu yi. Zan tafi da kaftanina a leda, da Hudu ya fito in yi wanka a rafi in hau babur. Kafin Baba ya shafa addu'a ina ƙofar gida."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi. Abin da zai hana ni zuwa wajenki gobe sai dai abin da ya fi ƙarfina."

Ta yarda, don bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ta koma ciki tana taku ɗai-ɗai kamar an riga an shafa fatiha.

*

Asabar ta yi. Tun hantsi Rabi'atu ta share falon Alhaji, ta sa turaren wuta, ta dama kunun aya ta sa ƙanƙara. Aka yi Azahar, Alhaji ya dawo daga masallaci ya zauna a kujerarsa yana jan carbi.

Shiru.

Ƙanƙara ta narke. Rabi'atu ta kira wayar Mutawakkil, tana shiga ba a ɗauka. Ta sake kira, ta kuma sake, har yatsanta ya gaji. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta leƙa zaure. Inuwar katanga ta fara tsawo, carbin Alhaji ya fara gudu, wanda duk ɗan gidan ya san ba alamar alheri ba ce.

"Rabi'atu!"

Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa. Hajiya Tani na zaune a gefe kan darduma.

"Ina mutumin naki?"

"Yana hanya, Baba."

"Daga Makka shike tahowa? Na bar rumfata, na bar masu awo suna jira, don yaron da ko waya bai iya ɗauka ya ba ni haƙuri ba?"

"Baba, wallahi ba halinsa ba ne. In bai zo ba akwai dalili."

"Dalilin shi ne bai ɗauke ki a bakin komi ba, ni ma haka."

Maganar ta soke ta, hawaye ya zubo, amma ta ɗaga kai. "Ni na san wanda na zaɓa, Baba. Ko duk Dutsin-Ma za ta taru ta ce ya wulaƙanta ni, ba zan yarda ba sai na ji daga bakinsa."

Ana cikin haka aka yi sallama. Ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Zaharaddin ne, da ledar tuffa a hannu, wai ya biyo ya gaida su Hajiya. Ko wa ya gaya masa yau ce ranar? Oho, bango ma kunne gare shi. Ya zube ya kwashi gaisuwa, ya saci kallon Rabi'atu, ya ga idonta jawur, ya yi kamar bai gani ba.

"Daga ina haka?" in ji Alhaji.

"Daga Rawayau, Baba, ana min lodi. Af, har na ga mutumin Malama." Ya gyara hula. "Ina ce yau zai zo nan? Na gan shi zaune a bakin rami abinsa, ya miƙe ƙafa, ko riga babu. Har yana ɗaga min murya, ni kuwa gilas a rufe, na san bai wuce zancen a ƙara musu farashi ba, kullum kukansu ke nan."

Alhaji ya ajiye carbi. "Kin ji ko? Zaune. To magana ta ƙare, daga yau..."

"Tsaya, Alhaji."

Hajiya Tani ce. Tunda suka yi aure ba ta taɓa katse mijinta a gaban baƙo ba. Ta miƙe tsaye, fuskarta ta canza.

"Kai yaro, zaune yaya ka gan shi?"

"Zaune dai, Hajiya, kamar mai hutawa."

"Ƙafafunshi duka biyu a miƙe, ya toka su ga ƙasa? Bayanshi ya kwanta baya?"

"E, haka."

"Hannuwanshi fa?"

"Suna nan wajen cikinsa, ban dai lura ba."

"Akwai kowa kusa da shi?"

"Babu. Ai duk na kwashe su zuwa bakin titi, can tulin yake, suna min lodi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajiya ta dafe ƙirji. "Shekara nawa kana cin arzikin ramin nan ba ka san zaman mai igiya ba? Mai hutawa ba ya zama haka! Akwai mutum rataye a hannun yaron nan!"

Ta fizge wayar da ke hannun Rabi'atu, ta kira ƙaninta Rabe da ke zaune a Rawayau.

"Rabe! Bar abin da kake, tara maza ku ruga ramin su Mutawakkil! Ku ruga na ce, kada ka tsaya tambayata!"

Ta juyo. "Ɗauko mayafinki. Alhaji, tada mota."

Alhaji Sodangi, wanda ba a ba shi umarni ko a kasuwa, sai ga shi yana laluben makulli. Suka fita suka bar Zaharaddin durƙushe da ledar tuffarsa, baki buɗe.

*

Hanyar Rawayau ba ta taɓa yi wa Rabi'atu tsawo irin na ranar ba. Hajiya na ta salati, ita kuwa addu'a ɗaya take maimaitawa, Allah ya ƙara masa ƙarfi, Allah kada hannunsa ya gaza. Suka bar kwalta suka hau turba, suka ratsa gonakin da aka fara sharewa, har suka hango tulin farar ƙasa da taron mutane.

Rabe ya taro su da gudu, rigarsa duk tabo.

"Yaya Tani, an fiddo Hudu! Da ranshi! Ƙafa ce ta karye, yanzu za a kai shi asibitin Kurfi."

Rabi'atu ta dafa mota ta yi hamdala.

Rabe ya ci gaba da bayani yana haki. Hudu na cikin hawowa, sai matakalar da suka sassaƙa a jikin ramin ta rufta, don ruwan shekaranjiya ya jiƙa ta. Ya faɗa, igiya ta tare shi a tsakiya, ƙasansa kuwa ruwa ne da laka da ya fi tsayin mutum. Turken da suke naɗa igiyar ya tumɓuke nan take. Mutawakkil ya naɗe ta a ƙugunsa da hannuwansa, ya zube ƙasa ya toka ƙafa. Shi kaɗai ba ya iya jawo mutum, in kuma ya sassauta Hudu ya nutse. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, ba kowa, duk an tafi lodi.

"Da muka iso sai da muka ɓamɓare yatsunshi ɗaya bayan ɗaya," in ji Rabe. "Sun ƙi buɗuwa."

Hajiya Tani ba ta nufi wajen mutane ba. Bakin ramin ta nufa, a hankali, kamar mai tsoron taka wani abu. Ga turke nan yashe a gefe da ɗanyar ƙasa a gindinsa. Ga sawun igiya ya ja layi a ƙasa ya nufi rami, irin wanda ta gani tana budurwa. Sai dai wannan bai kai ba. Ya tsaya a wasu ramuka biyu masu zurfi, inda dugadugan mutum suka huda ƙasa suka kafe.

Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka mai sauti.

Mutawakkil na jingine a gindin wata bagaruwa, an yafa masa zane, an naɗe masa tafukan hannu da tsumma, jini ya riga ya ɓullo. Ga babur ɗinsa can gefe, ledar kaftani na rataye a jikinsa. Yana ganin Alhaji ya yunƙura zai tashi, ƙafafu suka ƙi, sai ya durƙusa a inda yake.

"Baba, ku gafarce ni," ya ce da dusasshiyar murya. "Na saɓa muku alkawari."

Alhaji ya dubi ledar, ya dube shi. "Wayarka na ciki?"

"Tana aljihun kaftanin."

"Kana jin tana ƙara?"

"Ina ji, Baba. Na kuma san mai kira." Ya sunkuyar da kai. "Na san duk ƙarar da ta yi, aurena ne ke tafiya. Amma Hudu na ƙasa yana kiran sunan 'ya'yansa."

Rabi'atu ta toshe baki, kuka ya ci ƙarfinta. Ba kukan baƙin ciki ba ne, wani irin alfahari ne ya cika mata ƙirji har ya rasa hanyar fita sai ta ido. Da ba don idon iyaye ba da ta faɗa wa duk dajin nan cewa wannan nata ne.

"Ban ce muku ba?" ta ce cikin shessheƙa. "Baba, Inna, ban ce muku ba?"

Hajiya ta ƙaraso tana share fuska. Ta tsaya daga ɗan nesa, kamar yadda ya kamaci wadda za ta zama suruka, ko da yake ita kanta ba ta lura ta yi hakan ba.

"Yaro, motar masu saye ta zo, kowa ya tashi. Kai mi ya hana ka?"

"Ba a tashi, Hajiya."

Ta gyaɗa kai, hawaye na sake zubowa. "Haka ne. Ba a tashi." Ta juya wajen mijinta. "Alhaji, jiya na rantse ba ni ba shi ɗiyata. Zan yi kaffara. Tsoron ramin nan bai bar ni ba, kuma ba zai bar ni ba har in mutu. Amma tun ina budurwa nake cewa da ma an samu mutum guda da ya zauna wa Jibo. Yau na ga irinshi da idona." Ta sake duban Mutawakkil. "Sai dai ka gaya min, kai in ka sauka, wa ke riƙe maka?"

Daga kan tabarmar da ake shirin ɗauka wata murya ta amsa, a wahalce amma da ƙarfi.

"Ni ne, Hajiya," in ji Hudu. "In Allah ya tada ƙafar nan, ko ƙaho aka busa ina zaune."

Mutane suka yi dariya, wasu na share ido. Kowa ya zuba wa Alhaji Sodangi ido, don maganar ƙarshe tasa ce, kuma an san shi ba ya lashe abin da ya tofar. Ya yi gyaran murya, ya gyara babbar rigarsa, ya tako har gindin bagaruwar.

"Na ce in ka saɓa kada a sake kawo min zancenka," in ji Alhaji. "To ba wanda ya kawo min. Ni na kawo kaina."

Ya miƙa hannu za su gaisa, sai ya ga tsumman da jinin, ya rasa inda zai kama. Sai ya sunkuya ya riƙe wuyan hannun Mutawakkil da hannuwansa duka biyu, ya ɗaga shi tsaye.

"In hannun ya warke, ka turo min manyanka."

Farar ƙasa ta shafe masa tafuka har hannun riga. Rabi'atu na kallo, Alhaji bai ciro hankici ba.